Wayar Inna Ba Ta Da Layi

Ummi, da ke nake, da ƙaninki Sadiku idan ya iya karatu. Kwanan baya kin dawo daga Islamiyya kina kuka, kin ce wata yarinya ta ce miki wayar babanki ce ta kashe Inna, kakarki. Mamanki ta ce ki rabu da ita. Babanki ya sa takalmi ya fita. Ni kuwa ban iya rabuwa da magana ba, kowa a gidan nan ya san haka. Bayan babbar salla zan tare a Bagwai, kuma na lura idan na tafi babu wanda zai buɗe baki ya gaya muku yadda abin ya faru. Shi ya sa na zauna nake rubutawa. Ba zan fara daga ranar da aka haife ni ba, ba kuma zan jera muku makarantun da na yi ba, ba su da amfani a nan. A duk rayuwata shekara ɗaya ce ta kai a rubuta, shekarar da na gama sakandare, ke kina cikin mamanki.

Kin san kakanki Baba Malam a matsayin tsoho mai shiru. Da ba haka yake ba. Mutum ne mai dariya, mai tsokana, zaurensa ba ya rabuwa da masu ɗaukar karatu da masu kawo ƙarar iyakar gona. Duk ƙauyenmu, har ƙauyukan da ke tsakaninmu da Minjibir, abin da ya yi a gidansa shi ake kwaikwaya. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa kowa ke ce mini Uwani, shi kuwa Uwata yake cewa. Idan na yi rashin kunya, abin da na saba yi kullum, sai ya ce, “Uwata ta yi magana, ɗa ya yi shiru.” Haka ya lalata ni, in ji Inna. Amma yana da doka ɗaya da ba a tsokana a kanta: mace ba ta riƙe layin waya a gidansa. Ba ya ce mata ba su da amana ba. Cewa yake layi ƙofa ce, kuma gida ba ya son ƙofar da ba ta bi ta zaure ba. Layi biyu ne a gidan, nasa da na babanku, Yaya Habibu.

Yaya Habibu ya koyi gyaran waya a birni, ya dawo gida ya kafa ɗan teburi a gindin darbejiyar bakin masallaci. A can birni ya haɗu da wani abu da ya shiga ransa fiye da gyaran. Bari in faɗa yadda ya faɗa mini, don ni ma sai da ya maimaita. Kowace waya tana da manhajar da ke tafiyar da ita, ita ce ke sa ta kunnu, ta yi ƙara, ta nemi ƙarfen sabis. Kamfani ne ke rubuta ta ya kulle, ba ka ganin abin da ke ciki, ba ka da ikon cirewa ko ƙarawa. To akwai wasu mutane a ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, da suka haɗu suka rubuta tasu, suka bar ta a buɗe. Kowa na iya dubawa, kowa na iya gyarawa, kowa na iya ba wani. Yaya yana sayo tsofaffin wayoyi na hannu, ya goge ta kamfani, ya zuba wannan. Shi da kansa ya zauna ya mayar da rubutun cikinta Hausa. Sai ya cire duk tarkacen da Baba ke ƙi, ya cika ta da karatun Alƙur'ani da tafsiri, ya bar fitila da agogo.

Ranar da ya kai wa Baba ta farko ina wurin, na kawo fura zaure. Baba ya juya wayar, ya saurari bayanin har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

“To ai waƙafi ne wannan,” in ji shi. “Mutum ya haƙa rijiya ya ce kowa ya sha. Allah ya saka musu, ko su waye. Amma tsaya. Ba ta kiran kowa?”

“Ba ta kira, Baba. Akwai dai abu guda. Ta kamfani, ko babu layi a ciki, an yi ta yadda za ta iya kiran lambar gaggawa. Wannan kuwa ba su gama wannan ɓangaren ba tukuna.”

“Gaggawar me?”

“Gobara, ko hatsari, ko ciwo. Lamba ce ta hukuma.”

Ni da ba a tambaye ni ba na ce, “To idan wuta ta kama fa, kuna gona?”

Baba ya yi dariya. “Uwata, ke dai bakinki ba ya kawo alheri. Muna da maƙwabta. Bar ta haka, Habibu.”

Ku riƙe wannan maganar, don a kanta komai ya tsaya. Mu uku ne kawai muka ji ta.

Inna aka fara ba wa. Kin san Yaya ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta ma cika kallonsa ido da ido ba. Da ya miƙa mata, ta karɓa tana kallon gefe, ta ce, “Me zan yi da wannan kuma?” Washegari sai ga ta ta ɗinka mata 'yar jaka da ragowar atamfa, ta buga ƙusa a jikin ginshiƙin rumfa. Daga ranar ba a ƙara yin surfe ko tsintar wake a gidan nan babu karatu yana tashi ba. Idan caji ya ƙare sai ta ce da ni, “Kai wa wancan, ka ji abarsa ta yi shiru,” kamar ba ta damu ba. Matan unguwa suka gani suka so. Mazansu suka ji cewa Malam ya yarda, kuma ba ta kira. Kafin damina ta faɗi, da wuya ka shiga gida a unguwarmu ba ka ji wayar Habibu tana karatu ba.

Daminar ta zo da ruwa mai yawa. A tsakiyarta aka jera kwanaki ana yi ba ƙaƙƙautawa, irin mai laushin nan da ke shiga gini ya zauna. Ciyawa ta fi ƙarfin kowa. Ranar da gari ya washe sai Baffa Isa, yayan Baba, ya kira gayya a babbar gonarsa ta hayin rafi. Gayyar Baffa Isa ba a ƙin zuwa. Baba ya tafi da ɗalibansa, Yaya ya rufe teburinsa ya ɗauki fartanya, duk wani namiji mai ƙarfi a unguwa ya bi su. Maƙwabtan da Baba ya ce muna da su, duk suna hayin rafi, kowa da layinsa a aljihu.

Da hantsi Inna ta ce tsohon ɗakin ajiya yana yoyo, bari ta fito da waken iri kada ya tsiro. Na ce ta bari maza su dawo. Ta ce wake ba ya jiran maza. Ina wanke-wanke, mamanku Zulai tana zaune a rumfa da tsohon ciki. Ban ji wata babbar ƙara ba. Wani irin nishi na ji, kamar an sauke buhu mai nauyi, sai ƙasa ta girgiza kaɗan. Na waiga, ɗakin babu rabinsa.

Da hannu muka tona, da faranti, da murfin tukunya. Matan maƙwabta suka shigo da ihu. Muka samu fuskarta, muka share mata ƙasa daga baki da hanci, tana numfashi, tana salati. Amma azara ta kwanta mata daga ƙirji zuwa ƙugu, kan azarar kuma katanga ce guda ta danne. Muka taru muka ɗaga, ko motsi ba ta yi ba. Muka sa taɓarya a ƙarƙashi, taɓaryar ta nutse a laka. Sai na ruga rumfa na ciro wayar daga ƙusa. Karatu take yi har lokacin. Na san ba ta kira, da kunnena na ji an faɗa. Duk da haka na danna lambobin nan uku da aka koya mana a makaranta. Ta rubuto mini kalma biyu da Hausa, Hausar da Yaya ya rubuta da hannunsa: Babu layi. Na sake. Wata maƙwabciya ta miƙo tata, wata ma ta miƙo. Wayoyi a hannun kowa, tsakar gida cike da mata, duk abu ɗaya suke rubutawa.

Na durƙusa na ce, “Inna, zan je in kira mutane.”

“Bar mini karatun a kusa,” ta ce.

Na ajiye wayar a gefen kunnenta. Na miƙe zan ruga, sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

“Uwani. Mayafinki.”

Ita ce maganar ƙarshe da ta yi mini. Ban ɗauka ba. Rafi ya cika, ban iya ƙetarawa ba, sai na juya na nufi titi, ƙafa babu takalmi, ta cikin gero da ya fi ni tsawo. A titi na tare wani mai babur da ban sani ba, na karanta masa lambar Yaya, ya kira. Kafin maza su zagayo ta gada, su ɗaga azara, a samo motar da za ta yarda ta shigo lakar hanyarmu, rana ta yi tsaka ta karkata. A mota ta cika, kanta a cinyar ɗan da ba ta taɓa kiran sunansa ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Tun ba a tashi daga zaman makoki ba magana ta fara yawo. Wani ɗan uwanmu da ke aiki a birni ya ce ai duk waya tana kiran gaggawa ko babu layi, sai dai idan an taɓa ta. Daga bakinsa ta koma Habibu ya cire wani abu. Daga nan ta koma Habibu ya lalata wayoyin mutane don iyayi. Kafin sati ya zagayo, yaran unguwa ma sun iya faɗin abin da aka faɗa miki. Babanku ya daina fitar da teburinsa, ya rame, yana zuwa masallaci ya tsaya a sahun baya. Na jira ya kare kansa, bai yi ba. Na jira Baba ya yi magana, shi ma bai yi ba. Daga baya na gane dalilin Yaya: ba shi da hanyar wanke kansa sai ya nuna mahaifinsa da yatsa. Na Baba kuwa, ban sani ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Wataƙila baƙin ciki ne ya rufe masa baki.

Ranar sadakar arba'in, bayan baƙi sun watse, Baffa Isa ya tara maza na dangi a tsakar gidanmu. Mu mata muna rumfa, bayan labule. Baffa mutum ne mai son a gama magana a wuce. Ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, amma ƙaddara tana da sanadi. Ya ce a tattara wayoyin nan duka a zuba a tsohuwar rijiya a rufe. Ya ce Habibu ya bar wannan sana'a, ya koma birni ya nemi wata, har mutane su manta, don zamansa a gari yana tayar wa mahaifinsa da ciwo.

“Ko kana da magana, Habibu?”

“Babu, Baffa.”

“Malam?”

Baba yana jan carbi, kansa a ƙasa. Zulai tana gefena, ta toshe bakinta da mayafi, cikinta ya kusa wata tara. Na duba ta, na duba ƙusar da ke jikin ginshiƙi. Sai na ɗaga labule na fita.

“Baba, ina wurin,” na ce. “Na kawo fura. Ya gaya maka ba ta kiran gaggawa. Ka ce muna da maƙwabta, a bar ta haka.”

“Ke!” in ji Baffa. “Wa ya kira ki? Uban naki kike wa wannan a gaban mutane?”

“Ba a kira ni ba, Baffa. Za ku kori mutum ne a kan maganar da ba shi ya yanke ba.”

Wani ya ce a fitar da ni. Yaya ya ce, “Uwani, don Allah.” Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Bai dube ni ba.

“Gaskiya ta faɗa,” ya ce. “Ni na ce a bar ta. Habibu ba ya zuwa ko'ina.”

Ya tashi ya shige zaure. Taron ya watse ba a yi addu'ar tashi ba.

Ga abin da na biya, don kada ku ɗauka gaskiya kyauta ake faɗinta. Daga ranar Baba bai sake ce mini Uwata ba. Bai zage ni ba, bai hana ni komai ba. Ina kai masa fura ya ce madalla, kamar yadda zai ce wa baƙuwa. Idan yana nemana sai ya ce, “Ke.” Masu kawo masa ƙara suka ragu, don labari ya fita cewa 'yarsa ta tsayar da shi a gaban dangi. Dariyarsa ta tafi, ban san nawa Inna ta tafi da shi ba, nawa ni na kashe. Matan dangi suka daina sakin jiki da ni. Har wanda na yi dominsa bai gode mini ba. Da yamma ya same ni a bakin murhu.

“Wa ya sa ki?”

“Shirunka.”

“Da kin bar ni na tafi. Ni zan iya ɗauka. Shi ba zai iya ba.”

“Matarka fa? Abin da ke cikinta fa? Shi ma zai iya ɗauka?”

Na shiga ɗaki na ɗauko wayar Inna, da jakarta da lakar da ta bushe a jiki, na ajiye a gabansa. Na ce masa ni ban fito don in raba laifi ba, laifi ba ya ɗaga azara. Na riga na roƙi Baba ta bakin Gwaggo, ƙanwarsa, ya bar mata su riƙe layi, ya ce a'a. Manhajar kamfani kuma ba za ta shigo masa gida ba, da tarkacenta. Ƙofa ɗaya ta rage.

“Ka gama abin da ba su gama ba.”

“Uwani, ni mai gyara ne. Fassara na yi. Wannan ɓangaren shi ke magana da ƙarfen sabis, ya fi ƙarfina.”

“Kai ka ce kowa na iya gyarawa. Ko ƙarya ka yi wa Baba da ka bar shi ya ce waƙafi ne?”

Ya ɗauki wayar ya juya ta. Sannan ya sa ta a aljihu.

Tare muka rubuta wa mutanen nan, shi yana faɗa ni ina gyara Turancin. Ni na so a rubuta da zafi. Ya hana. Ya ce mutanen da suka ba ka abu kyauta, suka kuma rubuta ƙarara cewa ga inda bai ƙarasa ba, ba ka zuwa musu da zagi. Muka faɗi abin da ya faru kawai. Na ɗauka ba za su kula ba. Sai ga amsa daga wata mata a wata ƙasa mai nisa. Ta fara da ta'aziyya. Ta ce sun daɗe da sanin wannan giɓi, abin da ya tsayar da su shi ne ɓangare ne mai wuyar gwadawa, don ba a kiran lambar gaggawa da wasa, kuma kowace ƙasa da yadda abin yake tafiya. Ta ce idan zai taimaka daga nan, za su ɗauko aikin.

Aka haife ki da kaka, ana yankan gero. Baba ya yi miki huɗuba da sunan Inna, shi ya sa muke ce miki Ummi. Babanki kuwa ya shiga zirga-zirga. Ya hau motar Minjibir zuwa birni inda wuta da sabis suka fi, ya aika musu bayanan da wayar ke tarawa a cikinta, su aiko gyara, ya zuba, ta ƙi, ya sake aikawa. Akwai lokacin da wayar ta mutu gaba ɗaya, na ce ya kashe mini abin da ya rage na Inna, muka yi kwanaki ba ma magana, sai ga shi ya tayar da ita. Ni haƙurina kaɗan ne. Kullum sai na tambaye shi, kullum sai ya ce saura kaɗan. Gidaje da yawa sun dawo masa da wayoyinsu, wasu ta kan katanga aka jefo. Ya tara su a kwali. A haka rani ya wuce, zafi ya shigo, hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Wata safiya ya kira ni ya nuna mini. Ko wayar tana kulle, akwai wani jan wuri a ƙasa, an rubuta Kiran gaggawa. Ya ce sun yi iya abin da za su iya daga can. Ba wanda zai tabbatar tana aiki a nan sai an kira da gaske, daga garin nan, babu layi. Na ce ya kawo in danna. Ya janye hannu.

“Gidan Baba ne. Shi ya ce a bar ta. Ba za a buɗe ba sai ya sani.”

Muka same shi a zaure bayan an tashi daga karatun safe. Yaya ya durƙusa ya yi bayani. Ni ina tsaye a bakin ƙofa. Baba ya saurara har ƙarshe, kamar wancan karon.

“Idan an ɗauka me za ku ce?”

“Sai mu kashe, Baba. Mu dai mu ji ta shiga.”

“A'a. Ba a tayar da mutum a bakin aikinsa a kashe masa waya a kunne. Kawo.”

Ya karɓa. Ya ga jakar atamfar, ya shafa ta da babban yatsa. Ya duba fuskar wayar, bai san inda zai taɓa ba. Yaya ya matsa, sai Baba ya ce, “Ke, zo ki nuna mini.” Na durƙusa na nuna masa jan wurin. Da kansa ya danna. Yaya ya sa ta yadda duk za mu ji. Shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara jin ƙafafuna a cikin geron nan. Sai ta fara ƙara. Sai muryar mace, ta yi magana da Turanci, ta sake da Hausa, tana tambayar me ya faru, a ina.

“Salamu alaikum,” in ji Baba. “'Yata, ba gobara ba ce, ba hatsari ba ne, ba kuma zan riƙe ki ba. Iyalina ce gini ya faɗa wa a daminar bara. Wayarta ba ta kira ba. Yanzu an gyara. So nake in ji ko akwai mutum a nan.”



“Akwai, Baba. Allah ya jiƙanta.”

“Amin. Allah ya yi miki albarka. Koma bakin aikinki.”

Kiran ya yanke. Yaya ya kifa kansa a gwiwa. Baba ya riƙe wayar a tafin hannunsa. Da ya yi magana, da Yaya ya yi.

“Ka zuba a duk na unguwa kafin ruwa ya sauka. Ka fara da gidan Baffanka. Wanda ya ƙi karɓa ka ce ni na aiko ka.”

Sannan ya miƙo mini ita.

“Ke, mayar da ita inda take.”

Na tsaya kaɗan ko zai ƙara wata kalma. Bai ƙara ba. Har yau bai ƙara ba, kuma na daina jira.

Yanzu ki saurara, Ummi, don ba na son ki ɗauki wannan ki je ki yi wa yarinyar nan gori da abin da ban faɗa ba. Ban ce da wayar ta kira a ranar Inna za ta rayu ba. Hanyarmu laka ce, rafi ya cika, ban san wa zai zo ba, ban san yaushe zai iso ba. Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne babanki bai cire komai ba, bai ɓoye komai ba. Ya faɗa, aka ce ya bari, ya bari. Da aka ɗora masa, ya ɗauka don ya rufa wa mahaifinsa asiri. Kakanki kuma ya yi kuskure irin na mutumin da bai taɓa tunanin za a wayi gari babu namiji ko ɗaya a unguwa ba, kuma ya amsa a gaban dangi, abin da manya da yawa ba sa iyawa. Maganar layi har gobe bai sauka daga kanta ba. Ni na gaya wa wanda zan aura tun zuwansa na farko cewa zan riƙe nawa, idan bai yarda ba ya kama hanya. Na gidan nan kuwa, na yi iya nawa, saura ku.

Wayar tana nan a ƙusarta, a jikin ginshiƙin rumfa. Ba zan tafi da ita Bagwai ba. Ke ce mai sunan, taki ce. Kada a bar cajinta ya ƙare, musamman da damina, musamman ranar gayya. Gobe da safe, kafin ki tafi makaranta, ki zo ki same ni a rumfa. Zan ɗaga ki ki ciro ta da kanki, in nuna miki inda ake dannawa.